Tukunyar Gumi da Tukunyar Tururi a Birnin Sakkwato

Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, tun mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana raye, abin da marubuta tarihi suka fi ambata shi ne maslahar tsaro, domin wurin tudu ne mai leƙen kwari, wanda mahayi ba ya iso shi ba tare da an hango shi ba. Amma duk wanda ya tsaya a gefen arewa na garin da kaka, ya dubi fadamar da Gulbin Rima ke malala a cikinta kafin ya gamu da Gulbin Sakkwato, lalle zai fahimci cewa akwai wata ni'ima ta biyu a ƙarƙashin tudun, watau shinkafa, wadda ta ciyar da malamai da almajirai da mayaƙa da fataken da suka cika birnin, daga Wurno da Rabah da Kware har zuwa Argungu da Birnin Kabi. Bature matafiyi Barth, wanda ya ratsa ƙasar a 1853, ya ambaci yawan shinkafar waɗannan fadamu cikin labarin tafiyarsa.

Shinkafar wancan zamani galibi ja ce, irin ta Afirka, wadda masana tsirrai suka ce an fara nomanta a fadamun Kwara ta sama, cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekara 3,000 da suka shige. Tana da juriyar da baƙin iri ba su da ita, domin akwai irinta da ke bin ruwa, karanta yana ƙara tsawo gwargwadon yadda ambaliya ke tashi. Sai dai tana da aibi guda, shi ne ƙwayarta gautsi gare ta, in aka zuba ta a turmi ɗanya aka sa mata taɓarya, mai yawa daga cikinta sai ta karairaye ta koma tsaki. Maganin da mata suka riƙa tun fil azal shi ne gumi: a jiƙa shanshera cikin ruwa har ta sha, a tsame, a mayar da ita tukunya da ɗan ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe baki, a hura wuta har tururi ya ratsa ta ɓawonta ya fara tsagewa, sa'an nan a juye a shanya. Abin da ke faruwa cikin ƙwayar a wannan hali shi ne, garin da ke cikinta yana narkewa ya liƙe tsagogin da rana ta yi mata tun a gona, ta yadda in ta bushe sai ta yi tauri, ta jure casa, ƙwari kuma ba sa saurin cinta a rumbu.

Akwai wata fa'ida da matan ba su san sunanta ba, ko da yake sun daɗe suna cin moriyarta. A farkon ƙarni na 20, a ƙasar Malaya, likitoci sun lura cewa leburorin da ke cin farar shinkafa wadda injin ya goge tas suna kamuwa da cutar da ake kira beriberi, mai kashe jijiyoyi da kumbura ƙafafu, alhali 'yan Indiyan da ke cin shinkafar gumi ba ta cika kama su ba. Daga baya aka gane cewa jiƙo da tururi suna kora sinadarin da ke cikin dusa, mai tsare jiki daga wannan cuta, zuwa tsakiyar ƙwaya, inda casa ba ta isa ta raba shi da ita.

Sana'ar gumi a birnin Shehu ta mata ce, a cikin gida ake yinta, bayan katanga, yara da dillalai su ne ke shiga tsakanin mai gumi da kasuwa. A nan nake so in dakata, domin abin da ya fi jan hankalina cikin tarihin wannan sana'a shi ne yadda mace ke zaɓen girman tukunyarta, ba ta san alƙalami ba, amma lissafinta ba ya kuskure. Da farko tana duban jarinta, watau mudu nawa na shanshera za ta iya saya ranar kasuwa, ko miji ya auna mata daga rumbu. Bayan haka tana duban ɗabi'ar yumɓu, domin tukunyar ƙasa in ta wuce wani miƙidari, zafi ba ya isa samanta sai ƙasanta ya dahu ya caɓe, a wayi gari rabin shinkafa ta yi baƙi, rabi kuma da sauran fari a tsakiyar ƙwaya, wanda mai saye ke ganewa da ido tun kafin ya taɓa. Tana kuma duban itace, wanda bai taɓa yin arha ba a ƙasar da ruwan samanta bai fi na wata huɗu ba, har ya zama kara da kashin shanu suna taimaka wa murhu. Amma sharaɗin da ya rinjayi sauran duka shi ne wurin shanya. Shinkafar da aka sauke daga wuta ba ta jira. In ba a baza ta nan take ba, zafin da ke cikinta zai ci gaba da dafa ta, in kuwa ta kwana a jiƙe sai ta yi tsami da fumfuna. Saboda haka macen da tsakar gidanta ke ɗaukar tabarma huɗu ba ta ɗora tukunyar da za ta cika tabarma takwas, ko da an ba ta ita kyauta. Gwanaye sun san har ila yau cewa ranar bazara ta Sakkwato, wadda ke haura digiri 40 a ma'aunin zafi, in aka bar mata shinkafa ta busar da ita gaba ɗaya sai ta sake tsaga ƙwayar, don haka sukan kwashe ta da sauran danshi, su tara ta a inuwa ta huce, sa'an nan su ƙarasa shanya a hankali. Wadda ciniki ya buɗe mata kuwa ba ta neman babbar tukunya. Takan jera murhu biyu ko uku, ana sauke wannan ana ɗora waccan, shanya tana tafiya bi da bi.

Ban ga abin mamaki ba in irin wannan tattali ya yi ƙarfi a garin da aka gina kan karatu, inda ake koya wa yaro cewa israfi abin ƙi ne ko da a ruwan alwala. Sarkin Musulmi Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a da manoma cikin wajiban shugaba. Fuƙaha'u ma ba su manta da shinkafa ba: a Muhtasar na Sidi Halilu, wanda malaman Sakkwato ke karantarwa a zaure, hukuncin shi ne ana lissafa ɓawon shinkafa tare da ƙwayarta wajen cikar nisabin zakka, watau wusuƙi biyar, sa'i 300. Wannan ɓawo, wato ɓuntu, wanda mata ke sheƙewa su zubar a juji, zai dawo cikin labarinmu da daraja.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, amma ƙarfin tururi, wanda shi ne ginshiƙin masana'antunsu, bai biyo su zuwa birnin ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya nufo yamma kuwa ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba har yau. Don haka Basakkwacen da bai yi tafiya ba bai taɓa ganin tukunyar da ke jan tarago ba. Abin da mulkin Turawa ya taɓa shi ne gona: an yi aikin ban-ruwa a Kware cikin shekarun 1920, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 aka shigo da manyan taraktoci suna huɗar fadama da sunan shirin noman shinkafa, shirin da bai yi tsawon rai ba. Canjin da ya shiga gidajen masu gumi na haƙiƙa ya zo ne ta hanyoyi biyu marasa suna a takardun gwamnati. Ɗaya shi ne injin casa mai aiki da man gas, wanda ya sauke wa mata nauyin taɓarya, ko da yake yana niƙe ɓuntu da dusa wuri guda. Na biyu shi ne duron mai na lita 200, wanda ake wankewa, a yanke shi biyu ko a bar shi sukutum, a ɗora kan duwatsu. Duro ya ninka abin da tukunyar ƙasa ke ɗauka, ba ya fashewa, amma ƙarfensa siriri ne, wuta tana ƙona na ƙasa kafin tururi ya kai na sama, tsatsa kuma tana ɓata launi. Kuma tun da tsakar gida ba ta ƙaru ba don duro ya zo, sai shanya ta fita waje, zuwa fili da gefen kwalta, inda tsakuwa da kashin awaki suka sami hanyar shiga buhu. Sunan da shinkafar gida ta yi na yawan tsakuwa, wanda ya daɗe yana cutar da manomanmu a kasuwa, babban rabonsa daga nan ya samo asali, daga tukunyar da ta girmi mashanyarta.

Sa'an nan fari ya zo a farkon shekarun 1970, kuɗin man fetur suka biyo baya, jiragen ruwa suka cika tashar Ikko da shinkafar Amurka da ta Tailan, wadda ita ma ta gumi ce, sai dai an turara ta da injin, an busar da ita ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. Ta farkon ta rage ambaliyar da jar shinkafa ke dogara da ita a fadamun da ke ƙasa da madatsar, dukansu biyu kuma suka buɗe ƙofar noman rani da sababbin iri. Gwamnati ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta janye hanin a 1995. Cikin wannan kai-da-kawowa duka, gumin duro bai fasa ba.

Tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila, ta shigo sana'ar shinkafa a wannan yanki sosai ne bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu a 2017, aka kuma rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, har 'yan kasuwa manya da matsakaita suka ga riba cikin sayen injuna, galibi daga Indiya da Sin. Asalin aikinta ba baƙo ba ne ga wanda ya san madambaci: ruwa yana tafasa a ƙasa, tururi yana ratsa abin da ke sama; bambancin kawai shi ne an raba tukunyar ruwan da mazubin shinkafar, an haɗa su da bututu, an kuma toshe tukunyar har tururin ya taru da ƙarfi. Da wannan tururi ake ɗumama ruwan jiƙo zuwa wajen digiri 70, bisa hanyar da masu bincike na Maisur a Indiya suka daidaita cikin shekarun 1950, wadda ta mayar da jiƙon kwana biyu ko uku zuwa na sa'o'i kaɗan, ta kuma kawar da warin da tsohon jiƙo ke bari. Da shi ake turarawa. Da shi kuma ake zafafa iskar da ke busarwa. Makamashinta kuwa ɓuntu ne, domin injin zamani yana fitar da shi daban da dusa.

Ana auna girman irin wannan tukunya da nauyin tururin da take bayarwa cikin sa'a guda, a ce mai tan 1, ko tan 2, ko tan 4, kuma a nan ne mai masana'anta ke fuskantar tambayar da kakarsa ta fuskanta a gaban maginin tukwane, sai dai kuskurensa ya fi nata tsada nesa ba kusa ba. Bari mu ɗauki misalin mai son gyara tan 20 na shanshera a yini. Ɓuntu kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin shanshera, watau zai sami tan 4, kuma kowane kilo na ɓuntu, in tanderu na da kyau, yana ba da kilo 3 na tururi ko sama da haka kaɗan. Wannan shi ne abin da ke hannunsa kyauta. Abin da ke kansa kuwa kashi uku ne: ɗumama ruwan jiƙo, da turarawa, da busarwa, kuma na ƙarshen ya fi cin tururi, domin shinkafa tana fitowa daga tanki kusan sulusinta ruwa ne, alhali ba a casa ta sai danshinta ya sauko zuwa kashi 14 cikin 100, abin da ke nufin fitar da fiye da kilo 250 na ruwa daga kowane tan, zafin da ake buƙata kuwa a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar na wanda ake buƙata a kai shi tafasa daga sanyin ƙanƙara. In aka haɗa lissafin, za a tarar ɓuntu yana isa, amma da ƙyar, rarar ba ta da yawa. Ga shi kuwa har yanzu shanya ce ke hukunci, ko da yake ta tashi daga tabarma ta koma cikin injin.

Mutum yakan zaci cewa sayen babba shi ne rigakafi, dillalin injin ma ba zai hana shi ba. To amma tukunyar da ta fi aikinta girma tana da ruwa mai yawa da ƙarfe mai yawa waɗanda dole a zafafa kowace safiya kafin a sami tururin fari, jikinta mai faɗi yana zubar da zafi cikin iska daidai wa daida ko ana jan tururi ko ba a ja, tanderun ɓuntu kuma in aka rage masa wuta ƙasa da ƙima ba ya ci da kyau, sai baƙin hayaƙi da ɓuntun da bai ƙone ba. Ta haka 'yar rarar nan ke salwanta, mai masana'anta ya koma sayen itace a ƙasar da hamada ke matsowa, wanda a ganina ɓarna ce da ta wuce aljihunsa ta shafi jama'a. Wadda ta gaza aikinta kuma illarta a ƙwaya take bayyana: da an buɗe wa tanki tururi alhali injin busarwa yana ja, ƙarfin sai ya faɗi, tururin ya fito jiƙe da ruwa, shinkafa ta fito rabi dafaffiya da farin tsakiya, ta karye a casa, farashinta ya faɗi, mai hura wuta kuma, don tsoron faɗan maigida, ya riƙa tilasta wa tanderu abin da ya fi ƙarfinsa. Dalilin wannan shi ne buƙatar tururi ba ta tafiya bai ɗaya cikin yini: busarwa tana ja a hankali sa'o'i da yawa, turarawa kuwa tana fizga da ƙarfi na ɗan lokaci. Saboda haka ba a raba tururin yini da adadin sa'o'i a ce an gama. Wajibi ne a san abin da za a ja a sa'ar da ta fi kowace nauyi, a ƙara ɗan abin ajiya, sa'an nan, kafin a biya kuɗin babbar tukunya, a tambayi kai ko ba za a iya jera tankuna bi da bi ba, kada biyu su nemi tururi lokaci guda. Masana'antu da yawa a duniya sun gwammace tukwane biyu matsakaita a kan ƙatuwa guda, a kunna ɗaya lokacin ƙarancin aiki, biyu lokacin yalwa, in ana gyaran ɗaya kuma aiki bai tsaya ba.

Wannan shawara ta fi dacewa da ƙasarmu, domin shanshera ba ta zuwa daidai cikin shekara. Tana yalwata bayan girbin damina da na rani, ta yi wuya tsakaninsu, kuma wanda ba shi da jarin da zai cika sito da ita lokacin arha ba zai ciyar da injinsa wata goma sha biyu ba, kome girman abin da aka rubuta a jikinsa. Gulbi ma yana da nasa hukunci: ambaliyar 2010 ta cinye gonakin kwarin Rima har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu ɗan Fodiyo, ta 2020 kuma ta halaka shinkafar Kabi gab da girbi. Haka nan siyasar kasuwa ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani a 2024 da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, shinkafa na ciki. Wanda ya auna tukunyarsa da shekarar rufe iyaka ya auna ta da abin da ba ya dawwama.

Saura batun ruwa, wanda masu saye suka fi mantawa da shi. Dutsen farar ƙasa da ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, shi ne kuma ke sa ruwan rijiyoyi da yawa na wannan yanki ya zama mai nauyi. In aka zuba irin wannan ruwa cikin tukunyar tururi ba a tace shi ba, yana barin farin ɓawo a jikin bututai, ɓawon ya tare zafi, tukunyar da aka saya a kan tan 2 ta koma ba ta iya bayar da shi, sai a ɗora laifin a kan ƙanƙantarta, alhali ƙarfen ne ke gasuwa a ƙarƙashin ɓawo har ya yi rauni. Haɗarin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne, domin ruwa in ya zama tururi a sarari yana kumbura kusan ninki 1,600, kuma tukunyar da ta tsage tana sakin wannan duka cikin ƙiftawar ido. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa kowace tukunyar tururi bawul ɗin da ke buɗe kansa in ƙarfi ya wuce haddi, da agogon nuna ƙarfi, da gilashin duba ruwa, ta kuma wajabta mai duba na hukuma ya riƙa bincikarta lokaci-lokaci.

Abin da ke damuna a yau shi ne matsakaitan masu sana'a, waɗanda duro ya yi musu kaɗan, tukunyar Indiya kuma ta fi ƙarfin jarinsu, sai su nufi masu walda a yi musu ta gida da farantin ƙarfen da aka samu. Hannun maƙeranmu ba abin rainawa ba ne, kuma sun riga sun kyautata gumin mata da wata dabara mai sauƙi, watau sa faranti mai huji-huji a cikin tukunya don ya raba shinkafa da ruwan da ke ƙasa, wadda ba ta tara ƙarfi, ba ta kuma da haɗari. Amma tukunyar da aka toshe bakinta hukuncinta daban ne. Haƙƙi ne a kan makarantun koyon sana'a na jihar da hukumomin da abin ya shafa su koya wa waɗannan maƙera kaurin ƙarfen da ya dace da kowane ƙarfi, da lissafin tururin da mai saye ke buƙata tun kafin a yanka faranti, su kuma tabbatar ba a kunna wuta ƙarƙashin kowace sabuwar tukunya ba sai an cika ta da ruwan sanyi, an matsa shi da famfo fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi, an ga ɗinkinta bai yi yoyo ba.